Farantin ƙarfen tanki: me ke ƙara masa kuɗi? Kowa ya kawo abin da ya gani

Mai Tankuna, Idu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da aiki a hannu, tankin iskar gas guda biyu da tukunyar tururi ta wata masana'anta. Na tambayi farashin faranti a wuri uku, kauri ɗaya, girma ɗaya, amma na ƙarshen ya kusa ninka na farko. Mai aikin har ya fara yi mini kallon wanda ya ɗora nasa a kai. Waɗanda suka taɓa saye ko suka yi oda daga waje, ina kuɗin nan yake shiga?

Injiniya, Gwarinpa:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai duba lambar nau'in ƙarfen da kowanne ya rubuta maka, don kauri ɗaya ba shi ne ƙarfe ɗaya ba. Wanda ake jibgewa a Dei-Dei galibi na ƙyaure ne da tankin ruwa. Na tankin gas, a tsarin ASME, wato ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta ƙera irin waɗannan tankuna, yawanci SA-516 Grade 70 ne. In zafin aikin zai wuce digiri 425 a ma'aunin Salshiyas, ko akwai haidurojin a ciki kamar a matatar mai, sai a koma SA-387 mai gaurayen kuromiyam da molibdinam. Grade 11 yana da kuromiyam kashi 1.25 cikin ɗari da molibdinam 0.5, Grade 22 kuma 2.25 da 1.

A takarda kashi ɗaya ba komai ba ne, amma kilo 10 ke nan a kowane tan, kuma kilon molibdinam ɗaya ya fi kilon ƙarfe tsada ninkin ba ninki. Mafi yawansa a mahaƙar tagulla ake samunsa, a Chile da Peru da Amurka da Sin, saboda haka ko an matsu ba a iya ƙara shi dare ɗaya. Farkon 2023 da ya yi tashin gwauron zabi, muna tsakiyar wani aiki, dillalin da ya saba ba mu farashi mai tsayawa wata guda sai ya koma cewa in mako ya fita a sake lissafi. Nikel ya fi haka rikici. Farantin tankin gas ɗin da ake sanyayawa ya zama ruwa yana da nikel kashi 9, kuma a ranar 8 ga Maris 2022 tan ɗin nikel ya haura dala 100,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, har aka dakatar da cinikinsa.

Amma ni abin da nake zargi, tukunyar taka ba ta buƙatar 387. Na sha ganin an kwafo zanen wani aiki dabam an bar lambar yadda take.

Mai Tankuna, Idu:
Yallaɓai, na duba. Na ukun SA-387 Grade 11 ya rubuta, haka yake a zanen. Zan koma wa wanda ya zana. Amma na farko da na biyu duk 516 ne, kuma akwai rata sosai.

Sufeto, Kubwa:
Wannan ratar a takarda take. Nemi kowannensu ya turo maka satifiket ɗin masana'anta. Akwai 3.1, wanda masana'antar ce da kanta ke sa hannu, akwai 3.2, wanda sai sufeto na waje ya je ya tsaya an yi gwaji a gabansa. Zuwan nasa kai za ka biya. Sannan duk layin da aka ƙara a takardar oda kuɗi ne: bin faranti da na'urar sauti don gano ɓoyayyen tsagu, gwajin duka a cikin sanyi, gwajin iskar mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda ake jiƙa samfur awa 96. Kuma 516 in ya wuce milimita 40 dole a mayar da shi tanderu a sake gasa shi ya huce a iska. Ƙasa da haka ba dole ba ne sai an nema, shi ya sa za ka ga faranti biyu masu lamba ɗaya, ɗaya gasasshe ɗaya ba gasasshe ba, kuɗinsu ba ɗaya ba.

Baba Mai Walda, Dei-Dei:
Sufeto ya faɗi gaskiya. Wani ɗan kwangila ya taɓa kawo mana faranti na milimita 25 da ya samo da araha, da hoton satifiket wanda ya sha kwafi har rubutun ya dushe. Lambar narkin da ke jikin ƙarfen, wato wadda masana'anta ke bugawa don a san narkin da ya fito daga ciki, dabam, ta takardar dabam. Ya ce mu dai mu yanka. Yaron da ke riƙe da wutar yanka ya kai tsakiya sai wutar ta fara tofi tana dawowa baya. Muka goge bakin da giranda, sai ga wani siririn layi baƙi a tsakiyar kaurin, ƙarfen ya rabu biyu kamar gurasa. Da an naɗe shi an cika da gas, sai dai Allah Ya kiyaye. Farantan nan ƙarshe murfin kwalbati aka yi da su, aka sake sayen wasu, ga kuɗin tirela sau biyu.

Hajiya Mai Oda, Wuse:
Ku duk kuna ta maganar ƙarfe, ni da nake biya na san canji ne ke kashe mu. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Ina da kaya a kan ruwa a tsakanin nan. Na buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki, a wani farashin dala, kaya suka iso Apapa aka lissafa kuɗin kwastan da canjin ranar. Ribar da na sa rai da ita a nan ta narke, har na ɗora daga aljihu. Yanzu ba na ba kowa farashi da naira sai da sharaɗi.

Na biyu, yawa. Masana'anta irin Dillinger ta Jamus ko POSCO ta Koriya ba za ta narka maka ƙarfe saboda faranti shida ba, narki guda ya haura tan 100. Sai dai ka saya hannun masu ajiya a Dubai ko Turai, su kuma sun ɗora kuɗin ajiyarsu. Kuma tun da yaƙin Yukren ya rusa masana'antar ƙarfe ta Azovstal a Mariupol a 2022, wadda a da tana cikin manyan masu fitar da faranti, farashin na Turai ya yi tsalle, mutane da yawa suka karkata Sin da Indiya.

Ga wani abu da ba a faɗa wa sabon shiga: farantin mita 6 ba ya shiga kwantena mai ƙafa 20, don cikinta bai kai mita 6 ba. Ko ka ɗauki mai ƙafa 40 ka biya kuɗin iska, ko a yanke. In faɗinsa ya kai mita 2.5 kuwa, ƙofar kwantena ma ba zai wuce ba, sai buɗaɗɗen lodi, wannan kuma wani kuɗin ne.

Baba Mai Walda, Dei-Dei:
Hajiya, a nan zan ɗan saɓa miki. Mai faɗin ya fi tsada a jirgi, amma a shago shi ne mai sauƙi. Duk gaɓar walda da aka rage, an rage waya, an rage man janareto, an rage hoton eksire. Balle in 387 ne, wanda sai an ɗumama shi kafin walda, a sake gasa gaɓar bayan an gama, kuma wayarsa ta musamman ce, E8018-B2, ba a samunta a kowane shago. Ɗana Mai Tankuna, ka yi lissafin tankin gaba ɗaya, kada ka tsaya a kuɗin tan.

Hajiya Mai Oda, Wuse:
Na yarda, Baba, in mai aikin zai jira. Yawancinsu jiya suke son kaya.

Ɗan Bukuru:
Ku na Abuja ku gode wa Allah. Mu a Jos sai kaya sun baro Legas, sun bi Lokoja, sun wuce ku, sannan tirela ta fara hawan tsauni ta Akwanga. Faranti mai mita 2 da mita 6, kauri milimita 20, kilo 1,884 ne shi kaɗai. Goma sha biyar sun cika mota. Ba a sauke shi da ƙarti, sai an yi hayar injin ɗaga kaya, shi ma in tirela ta makara a hanya kuɗin yininsa yana nan. Lokacin damina na taɓa karɓar lodin da aka ɗauko ba tamfol, tsatsa ta ci lambar narkin wasu har ba ta karantuwa, sufeto ya ƙi su sai da aka yanki samfur aka kai ɗakin gwaji.

Abin da ke ba ni takaici, kwalambait ɗin da aka yi ta haƙa tare da kuza a nan Filato, daga cikinsa ake fitar da niyobiyam da ake ɗan zubawa a ƙarfe ya ƙara ƙwari. Kamfanin mulmula ƙarfe na Jos kuma, da takwarorinsa na Katsina da Oshogbo, rodi da waya aka gina su su yi, ba faranti ba. Ajaokuta tun 1979 ake zancenta. To duk farantin tankin da na taɓa saya, da dala aka shigo da shi.

Sufeto, Kubwa:
Ƙarin bayani ga Mai Tankuna: kafin a yanka, a buga lambar narki a kan kowane yanki a gaban sufeto. Ragowar da ke da lamba da takarda kuɗi ce, wadda ba ta da su sai 'yan gwangwan.

Ƙaramin Mai Walda, Lugbe:
Iyayena, tunda an zo nan, akwai mai ragowar 516 na milimita 16 da takardarsa? Mita ɗaya da rabi ya ishe ni, murfin tankin iska na kwampireso zan fitar. In a Idu ne zan zo da a-kori-kura in ɗauka.