Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, don Allah ku taimaka min da shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyar ke nan da haihuwata ta huɗu. Ranar sunan ƙanwar maigidana mun wuni muna suya, da daddare na ci soyayyen nama da waina. Cikin dare ciwo ya turnuƙe ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yana harbawa har kafaɗa. Ya kai awa 2, na yi amai, ya lafa. Sau huɗu ke nan yana dawowa. Mai kemis ya ce olsa ce, na sha magani ba sauƙi. Tun jiya ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, bai sake ni ba har yanzu. Maigida ya yi tafiya.

Uwar tagwaye: Sannu 'yar'uwa. Ki sha man zaitun da lemon tsami. Ni ma shekara guda ana ce min olsa, kuɗina suka ƙare a kemis, ko sannu dangin miji ba su ce min ba.

Anti nas: Don Allah kar ki sha, maiƙo ne ke tayar da ciwon. Wannan ya yi kama da tsakuwar matsarmama. Idan an ci maiƙo jakar tana matsewa ta fitar da ruwanta, sai tsakuwa ta toshe bakin. Ya fi kama mata, musamman bayan goyon ciki, da masu ƙiba da masu sikila. Ciwon da ya wuce awa 6 ga zazzaɓi alamar kumburi ce, asibiti yau. Duba idonki, ya yi ɗorawa? Fitsari ya yi duhu kamar shayi? Hoton ciki za a yi miki.

Mai tambaya: Anti fitsarin ya ɗan canja, amma ba na shan ruwa sosai ne. Kuma ni ba mai ƙiba ba ce.

Wata baiwar Allah: Da kin je tiyata za su ce. Yayata sai da muka sayar da akuya biyu. A fara gwada na gargajiya.

Anti nas: Ana rayuwa lafiya lau ba matsarmama, hanta ce ke yin ruwan. Tsakuwar da ta toshe hanya ita ce abin tsoro. Ki kira maigidanki yanzu.

Mai tambaya: Ba zan fita ba izininsa ba, ga jaririya a nono. Jibi zai dawo.

Anti nas: Ai izinin za ki nema a waya. Kin duba idon?