Memori mai 64GB a wayar da aka rubuta mata 32GB, zai yi ko asara ce?

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Wayata ta ɗan kwana biyu, a kwalinta an rubuta iyakarta memori 32GB, na saka mata mai 64GB sai take ce min wai katin ya lalace in yi fomatin. Ban danna ba tukuna, wani ya ce min asara kawai na yi.

Mai gyaran waya: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka, kamfani ya ce 32 kai ka kawo 64, ina za ta kai shi? Mayar ka canzo.

Ɗalibi: Oga da girmamawa ban yarda ba, ba girman ne ya dame ta ba, tsarin da aka yi wa katin fomatin ne. Katuna daga 4GB har zuwa 32GB ana kiransu SDHC, da tsarin fomatin FAT32 suke zuwa, daga 64GB kuma SDXC ne da exFAT suke zuwa, shi kuma exFAT ɗin na Microsoft ne, a da sai kamfani ya biya lasisi kafin ya saka shi a waya shi ya sa da yawa suka ƙi suka rubuta 32GB kawai suka huta. A mayar da katin FAT32, yawancinsu za su karanta shi lafiya lau.

Mai gyaran waya: To a ina zai mayar? Windows ɗin da muka saba ba ya ba ka FAT32 in kati ya wuce 32GB.

Ɗalibi: Akwai ƙananan manhajoji masu yi. Kai fomatin ɗin da wayar ke nema ma sau da yawa shi ne maganin, ita da kanta za ta mayar da shi tsarin da ta sani. Ya dai kwashe hotunansa a kwamfuta tukuna don komai zai goge.

Hajiya: Ɗana ka manta ka gaya masa FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai 4GB. Mai dogon bidiyo zai sha haushi.

Ɗalibi: Haka ne Hajiya, wannan kam babu musu.

Admin: Ni duk ba nan tsorona yake ba. Ka tabbata katin na gaske ne? Jabu zai nuna maka 64GB alhali cikinsa bai wuce 8 ba, kana cika shi fayiloli su fara lalacewa, kuma ko sau nawa ka yi fomatin ba zai ƙaru ba. A gwada shi da manhajar H2testw mai gwada ainihin girman kati a kwamfuta kafin a zargi waya.

Mai tambaya: In wayar ta tambaye ni in yi katin ma'ajiyar ciki ko ta cirewa fa?

Admin: Ta cirewa malam. Waccan ta ciki da ta zo da Android 6 a 2015 kulle katin take yi da wayar, in wayar ta mutu babu wata na'urar da za ta buɗe shi.

Mai gyaran waya: Ni dai ina kan bakana, "yawanci" ya ce ba duka ba. Tsofaffin nan masu iyakar 2GB ko SDHC ba sa gani, ka yi musu fomatin har gobe.

Ɗalibi: Waɗannan daban oga, tasa 32 aka rubuta.

Mai tambaya: Bari in kwashe hotunan in danna, zan dawo muku.