Talotalona ta shiga kwanci, ƙwai ya tsaya: ku ya kuka yi?

Sabon Mai Kiwo:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Cikin matan talotalona akwai wadda ta fi kowacce ƙwai, sai kwatsam ta lafe a sheƙa. Ko na kwashe ƙwan, haka za ta kwanta a kan ciyawar, in na miƙa hannu ta yi huci ta kai min sara. Abinci ma sai ta ga dama. Yau kwana tara ba ƙwai ko ɗaya, abin ya dame ni.

Uwar Tsaki:
Kwanci ne, ƙanena. Ɗaga ta ka duba ƙirjinta, za ka ga gashin ya zube, fatar ta yi ɗumi. Tawa ta rame har ƙashin ƙirji ya fito, tausayi ya kama ni na zuba mata ƙwai, ta ƙyanƙyashe a kwana 28. Laifina ne, sau ɗaya nake kwashe ƙwai, da yamma.

Ɗalibin Likitan Dabbobi:
Hajiya ta taɓo tushen abin. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu, fituwitari, shi ke sakin sinadarin firolaktin, mai sa kwanci, cikin jini. Mai ba shi umarni wani sinadari ne daga ƙwaƙwalwa da ake kira VIP. Muddin ƙirji na gogar ƙwai da sheƙa, umarnin ba ya yankewa. Firolaktin ya hau, ya danne sinadarin LH mai sa gwaiduwa ta nuna ta faɗo, sai ƙwayayen cikinta su motse. Abin da ya fi burge ni: a dabbobi masu shayarwa ƙwaƙwalwa birki take taka wa firolaktin, a tsuntsaye kuwa zuga shi take yi. A Jami'ar Minnesota ta Amurka an yi wa talotalo rigakafin da ke toshe aikin VIP, suka bar kwanci, ƙwai ya ƙaru. Lokacin da nake koyon aiki a gona, kullum da magariba muke zagayawa, duk wadda muka tarar za ta kwana a sheƙa mu yi mata alamar mai shirin kwanci.

Tsohon Hannu:
Haka ne, Malam. Ni raba ta da sheƙar nake yi gaba ɗaya: keji mai ƙasan waya, haske sosai, ruwa da abinci, ba lungun lafewa. Kwana huɗu. Wadda na kama da wuri ba ta ma daina ƙwai ba. Wadda na yi wa sakaci ta kai mako uku kafin ta dawo. Kada ka rage musu haske, awa 14 nake ba su, in ya gaza ƙwan duka garken ke ja baya.

Sabon Mai Kiwo:
Na gode ƙwarai. Ɗazu na mayar da ita keji, sai zarya take tana kiran sheƙarta, amma dai ta ci abinci. Baba, bayan kwana huɗun in maida ita akurkinta na da, ko in sauya mata wani?