Allurar ƙara sinadarin maza: in fara ko in dakata?

Baban_Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 38, ina da ciwon suga, kusan shekara guda ke nan ina fama da kasala da raunin sha'awa. Na yi gwajin testosterone, wato sinadarin maza, sau ɗaya, da yamma bayan na taso daga shago, ya fito ƙasa. Mai kemis ɗin layinmu ya ce in fara allurar Sustanon 250 duk sati uku. Damuwata ita ce 'yarmu ɗaya tal, kuma ni da uwargida muna neman ƙari. Don Allah wanda ya taɓa yin allurar nan ya faɗa min abin da ya gani.

DanKawo: Wa alaikumus salam. Malam ka rabu da allura, ka lazimci dabino da zuma da kankana. Ni shekara 50 ban taɓa zuwa asibiti kan wannan ba.

Mai_Walda: Yayana ka saurare ni da kyau. A wajen ɗaga ƙarfe na fara, wani yaro ne yake yi mana a bayan ɗakin canza kaya. Watannin farko kamar an sake haifata, ga ƙarfi ga sha'awa. Sai ƙuraje suka feso min a gadon baya, kan nonona ya kumbura har riga in ta goga sai na ji zafi, ga saurin fushi kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk ban damu ba. Na yi aure, shekara biyu shiru. Hajiyarmu ta sa matata a gaba, yau rubutu gobe saiwa, har Zariya aka kai ta wajen mai magani. Ranar da na yarda aka gwada ni, takarda ta nuna babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyina. Likitan ya ce in jiki ya samu sinadarin daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta daina ba 'ya'yan maraina umarni, su daina aiki har su ƙanƙance. Wallahi na riga na lura sun ragu, kunya ce ta hana ni magana. Da na nuna mata takardar ba ta ce komai ba, ta naɗe ta ta sa a ƙarƙashin filo ta shiga kicin. Na daina allurar, na yi wata uku kamar mai jinya, sai bayan wata 11 gwaji ya fara nuna wani abu. Har yau muna jira.

Abu_Hanif: Allah ya ba ku masu albarka. Amma nawa ake sai da ita yanzu? Ni 9,000 na saya a Kasuwar Gumi.

Mai_Walda: 9,000? Ni ban taɓa samu ƙasa da 20,000 ba. Allah kaɗai ya san abin da aka ɗura maka.

Ɗan_Lab: Baban Ummi, gwajinka ma bai cika ba. Da safe ake ɗibar jinin, kafin ƙarfe 10, kuma sai an maimaita a wata rana, domin da yamma dama sauka yake yi. Suga da ƙiba da tramadol duk suna rage shi. Sannan allurar tana kaurara jini, shi ya sa ake bin PCV, wato gwajin kaurin jini, in ya wuce 54 ake dakatarwa saboda gudun daskarewar jini. Ana duba PSA, gwajin jini na prostate (ƙullun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), kuma mai minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci abin yana iya ƙaruwa. Mai neman haihuwa wani lokaci ƙwayar Clomid likita ke ba shi maimakon allurar, shi ma yana iya taɓa gani. Ka nemi likitan mafitsara a asibitin Barau Dikko ko na Shika.

DanKawo: Kai likita ne? Jini kawai kake ɗiba ka zo kana mana lacca.

Ɗan_Lab: Ban ce ni likita ba ne, cewa na yi ya je wajensu. Dabinonka fa, mai suga za ka ɗora wa zuma?

Na_Rigasa: Ku bar wannan faɗan. A zafin watan Afrilu ba wuta ba fanka, ga kuɗin makaranta, ko zaki ne sinadarinsa sai ya sauka.

Maman_Khalifa: Ku yi haƙuri na shigo maganar maza. Labarin Mai Walda ne ya taɓa ni. Ƙanwata shekara huɗu ana ce mata juya, aka yi mata kishiya, ita ma shiru, kuma har yau mijin ya ƙi taka asibiti. Me ya sa kullum mace ake fara ja zuwa gwaji, alhali na namiji ya fi sauƙi da araha?

Abu_Hanif: Hajiya ai laifin masu lasifika ne a tashar Kawo, kullum suna gaya wa maza matsalarsu basir ce da sanyi.

Maman_Khalifa: Lasifika ce ta hana shi zuwa asibiti?

Baban_Ummi: Na gode ƙwarai. Ɗan Lab, gwajin safen sai da azumi ake yi, ko zan iya karyawa saboda maganin suga?

Na_Rigasa: Maman Khalifa, ita ƙanwar taki tana gidan har yanzu?