Wasan kura a Telegram: da me ake auna mutum?

Ɗan Yalwa, Bauchi:
Salamu alaikum. A zaurenmu muna buga Werewolf, mu dai wasan kura muke ce masa. Mutum tara: kuraye biyu da ke kashe mutum ɗaya a ɓoye kowane dare, mai duba ɗaya da ke leƙa ko wani kura ne a kowane dare, saura mutanen gari. Da rana kowa ya jefa ƙuri'a a kashe wanda ake zargi. Kullum gari ke shan kashi, don wanda ya fi iya baki shi ake bi. Tunda ba a ganin fuska, ta ina ake gane maƙaryaci?

Na Tudun Wada, Gombe:
Wa alaikumus salam. Malam, ko da ana ganin fuskar ba za ta cece ku ba. Masana halayyar ɗan Adam Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara gwaje-gwaje a 2006, suka iske mutane na bambance gaskiya da ƙarya daidai kusan sau 54 cikin 100 ne kawai. Kusan canki-canka ke nan.

Ku bar zaƙin baki, ku bi ƙuri'a. Wani ya riƙa rubuta wa ya zaɓi wa, a wane jere, da dalilin da ya bayar. A mutum tara ƙuri'a biyar ke kashewa. Kura ba ta cika son fara zargi ba, don idan wanda aka kashe ya fito ɗan gari, ido zai dawo kanta. Ta fi son shiga ta uku ko ta huɗu da "ni ma na yarda". Ran da kuka kama kura ɗaya, ku koma kan takardar: wa ya yi ta karkatar da hira zuwa wani sunan, sannan ya jefa ƙuri'arsa bayan magana ta riga ta ƙare? Kura kan sayar da 'yar'uwarta don ta sayi amana, to ƙuri'ar da ta zo a makare ba ta wanke kowa.

'Yar Fadaman Mada:
Ƙari a kan bayanin Malam, ku yi lissafi kafin ku jefa. Idan kun fara da rana, kuraye biyu ne da 'yan gari bakwai. Kuskure ɗaya tare da kisan dare, saura biyu da biyar. Na biyu, biyu da uku. Na uku shi ke nan, kuraye sun kamo yawanku. Da ku goma ne ma kuskure na uku ne zai gama da ku, shi ya sa idan adadinku ya rabu biyu daidai za ku iya ƙin kashe kowa rana ɗaya ba tare da asara ba, mai duba kuma ya samu ƙarin dare.

Baban Zaure, Jekadafari:
Ban yarda a ajiye magana gaba ɗaya ba. Sai dai a gwada mutum da kansa, ba da wani ba. Mai surutu a wasa uku da suka wuce da yau ya koma "hmm" da "to", wannan abin tambaya ne. Wanda dama shiru-shiru ne, ba hujja. Kuma a nan shiru na iya zama data ce ta ƙare, ko an ɗauke wuta, ko an kira sallar isha'i. Ku ba shi tambaya ɗaya mai kaifi: wa kake zargi, me ya sa? Ɗan gari yakan ambaci suna ko da zai yi kuskure; kura ta fi son "kowa abin zargi ne".

Mai duba kada ya bayyana ranar farko, daren nan za a cinye shi tunda ba ku da likita, wato mai kare mutum daga kisan dare. Ya fito idan ya gano kura, ko saura kuskure ɗaya, ya jero wanda ya duba kowane dare.

Ɗan Yalwa, Bauchi:
Idan mutum biyu suka ce su ne mai duba fa?

Baban Zaure, Jekadafari:
Kowanne ya kawo jerinsa nan take, ku gwada da ƙuri'unsu na baya. Wanda ya ce tun daren farko ya wanke Musa, amma washegari ya zaɓi a kashe Musa, shi za ku fara da shi. Kuma ku hana goge saƙo ko gyara shi ana cikin wasa, in ba haka ba hujjar taku ta tafi.