Wai Kano jam'iyya take zaɓa ko mutum take bi?

Nura: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisarmu ta Ƙofar Mata wani ya yi wata magana da har yanzu take cina. Ya ce Bakano bai taɓa dangwala wa jam'iyya ba, mutum yake bi. Ni dai na yarda da shi. Ku duba zaɓen gwamna: 1999 PDP, 2003 ANPP, 2011 PDP, 2015 APC, 2023 NNPP. Kwankwaso shi kaɗai ya sa riga uku a cikinsu, kuma duk inda ya juya jar hula ta bi shi. To ina jam'iyyar?

Baba Sule: Wa alaikumus salam. Nura, ka fara lissafinka daga 1999 kamar a shekarar aka kafa Kano. A garin nan aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, su Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, mutum takwas. Malam Aminu Kano ba ya cikin takwas ɗin, daga baya ya karɓi jagoranci. Kenan jam'iyya ta riga mutum. Mahaifina tela ne, da kuɗin ɗinkinsa ya yanki kati, katin nan yana cikin adakar mahaifiyarmu har ta rasu, naɗe cikin tsumma tare da takardar gida. An ɗaure shi wata uku saboda ya tsaya wajen lacca. Babu wanda ya ba shi sisi. Mutum ba ya shiga kurkuku don fuskar wani.

Nura: Allah ya jiƙansu Baba. Amma ai Malam suke bi.

Baba Sule: Abin da Malam yake faɗa suke bi. A daina aikin tilas, a daina zaluntar talaka wajen haraji, talaka ya san shi ma mutum ne. Ana ce Sawaba, ɗaya ɓangaren na NPC na cewa Salama, kowa ya san abin da ke bayan kalmarsa. Yau ka tare yaro mai tuta a Gadar Lado ka tambaye shi manufar jam'iyyarsa, sunan ubangidansa zai faɗa maka.

Malam Habibu: Baba, da girmanka, amma tarihin PRP, jam'iyyar Malam a jamhuriya ta biyu, ba ya goyon bayanka gaba ɗaya. An ci zaɓen 1979 da mabuɗi, alamar PRP, Abubakar Rimi ya hau gwamna, ya soke haraji da jangali, wannan aikin aƙida ne, babu musu. To amma shekara nawa aka yi kafin gida ya rabe biyu, Santsi da Taɓo? Kundin jam'iyya ɗaya, alama ɗaya, sai ga shi tambayar ta koma kana tare da Malam ko kana tare da Rimi. Har Rimi ya ajiye mulki a 1983 ya koma NPP, Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin.

Baba Sule: Madalla da ka kawo 1983. Wa ya ci? Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, aka yi zaɓe a watan Agusta babu shi. Rimi da farin jininsa, da bakinsa, da Triumph da CTV da ya kafa, da yaƙi da jahilci da ya yi, sai ga Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Ina Gwammaja ranar, na ga tsofaffi na tambaya ina mabuɗi yake a takarda. Da mutum ake bi, da Rimi ya koma.

Malam Habibu: Ko kuma mamaci aka zaɓa, Baba. Wata huɗu da rasuwar Malam, mutane ba su gama kuka ba. Wannan ƙuri'ar ta'aziyya ce.

Baba Sule: Kai dai malamin makaranta ba ya rasa ta cewa.

Hajiya Rabi: Ku bari in sa baki. Wannan zamanin aƙida da ake ta yi masa kirari, kakata tana raye a cikinsa, kuma ba ta da ƙuri'a. Matan Arewa ba su yi zaɓe a jamhuriya ta farko ba, sai a shekarun 1970 aka ba mu dama, babban zaɓenmu na farko shi ne na 1979. Amma in za a yi adalci, wannan hujjar Baba ce, don NEPU ce ta dage a kan maganar tun ana yi mata dariya, su Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kai. Malam kuma mace ya ɗauka mataimakiya a takarar 1983. Yanzu fa? Mu ne muka fi cika layi, tun bayan asuba muna tsaye da goyo, abin da ake tuna mu da shi taliya da sabulu da turmin atamfa. A layinmu a 2023 wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, 'yar nan nuna mini kwandon kayan marmari. Ba ta san sunan jam'iyyar mai wannan alama, NNPP, ba. Ta san wanda ya ce ta zaɓi kwando.

Nura: Shi ke nan Hajiya, kin gama min aiki.

Hajiya Rabi: Ban gama maka ba. Na tambaye ta dalili, ta ce jikanta ya yi karatu a waje da kuɗin gwamnati. Wannan bin mutum ne ko bin aiki?

Sagir: Ni na yi wa jam'iyya wakilci a akwati sau biyu, bari in faɗa muku yadda abin yake a ƙasa. Kano mazaɓu 484 ne a ƙananan hukumomi 44. Duk wanda ba shi da shugaban mazaɓa, da shugabar mata, da wakilin da zai zauna kan benci har a ƙirga a sa hannu a takardar sakamako, ko duk garin na son sa zai sha ƙasa. Ku tuna Buhari a 2011. Ya lashe Kano a CPC a zaɓen shugaban ƙasa, bayan kwana goma aka zo na gwamna, Kwankwaso na PDP ya ci. Son Buhari bai iya haifar wa CPC gwamna ba saboda rikicin ɗan takara ya cinye ta, kuma ba ta da saiwa a mazaɓu.

Malam Habibu: Sagir, misalinka wuƙa ce mai baki biyu. Mutum ɗaya ya zaɓi CPC, bayan kwana goma ya zaɓi PDP. Wannan ai shi ne ainihin abin da Nura ke faɗa. Haka 1993, Bashir Tofa ɗan garin nan ne, Abiola ya doke shi a Kano.

Sagir: To ai wannan kuma tawa ce Malam. Da mutum ake bi, da ɗan gida aka zaɓa. SDP aka zaɓa, don ita ake gani magajiyar PRP.

Malam Habibu: In haka ne me ya sa Kabiru Gaya na NRC ya zama gwamna a zaɓen 1991, alhali SDP ce ta cika majalisar jiha?

Baba Sule: Santsi da Taɓo ne suka sake tashi a cikin SDP, ɓangare ɗaya ya yi fushi ya ba abokin hamayya. Wannan kam na amsa laifinmu, har ni na yi.

Nura: Allahu akbar, Baba da kansa ya yi wa jam'iyya zagon ƙasa!

Baba Sule: Na yi, kuma na yi nadama. Amma ko a lokacin babu wanda ya ƙirga min kuɗi a bayan rumfa. Abin da ke ƙona min rai yanzu shi ne sojojin baka. Da dare ka kunna rediyo, mutum ya yi rabin awa yana wanke ubangidansa, bayan mako biyu ka ji shi da muryar nan yana zagin sa. A da laccar siyasa makaranta ce, a nan mahaifina ya fara jin yadda ake kasafta kuɗin baitulmali.

Hajiya Rabi: Baba, a da ɗin ma akwai 'yan daba fa. Ba jagaliya ce ta fara jifa a garin nan ba. Kuma 10 ga Yuli 1981, da aka kashe Dakta Bala Muhammad aka ƙona ma'aikatu, ba zamanin taliya ba ne.

Baba Sule: Gaskiya ne Hajiya. Ranar ina Fagge, hayaƙi muka riƙa hange. Ba zan kare wannan ba.

Sagir: Nura, tambaya ɗaya. A 2019 da aka ce zaɓe bai kammala ba, aka koma mazaɓar Gama, kai wa ka tsaya wa?

Nura: Yaya Sagir, wannan kuma ai sirrin akwati ne.

Sagir: Sirrin akwati, da hotonka da hula a kafe a shagonka har yau?

Malam Habibu: An kira sallah a nan. Baba, in katin nan na NEPU yana nan, don Allah a ɗauko mana hotonsa, ina so in nuna wa ɗalibaina.

Baba Sule: Yana wajen ƙanwata a Kurna. Zan aika yaro gobe in Allah ya kai mu.