Shawarwari kan sayen 'yan wasa da iyakar albashi a gasar NFL

An yi wata tattaunawa a kan yadda ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa irin na Amurka (American football) za su cike gurbin 'yan wasa 53 kowacce ba tare da sun tsallake iyakar jimillar albashin da NFL, babbar gasar wannan wasa, ta ƙayyade wa kowace ƙungiya ba, wadda ta kai dala miliyan 255.4 a kakar 2024.

Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce a daina rububin manyan 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare da zarar an buɗe kasuwa a watan Maris, domin a kwanakin farko farashi yakan yi tashin gwauron zabo. An kuma ja kunne game da kuɗin da ake ba ɗan wasa na rattaba hannu kan kwantiragi, wanda dokar gasar ta yarda a rarraba lissafinsa har tsawon shekaru biyar. Dabarar tana sauƙaƙa nauyin bana, amma idan aka sallami ɗan wasa kafin wa'adi, ragowar kuɗin na nan a wuyan ƙungiya. Haka ƙungiyar Denver Broncos ta ɗauki nauyin dala miliyan 85 bayan ta sallami ɗan wasanta Russell Wilson a 2024, kuma a ganina wannan misalin kaɗai ya isa hujja.

Wasu sun fifita renon matasa masu arahar kwantiragi, suna kafa hujja da Brock Purdy, wanda aka zaɓa na ƙarshe a zaɓen sababbin 'yan wasan NFL na 2022, ya kuma kai ƙungiyar San Francisco 49ers wasan ƙarshe na gasar, wato Super Bowl, alhali albashinsa bai kai dala miliyan ɗaya ba.